Miyagun Ƙwayoyi a Unguwannin 'Yan Fansho na Amurka: Inda Ɓarna Ke Shigowa da Wanda Hukunci Ke Faɗa Wa

Unguwannin 'yan fansho rukunin gidaje ne da aka keɓe wa masu shekaru kaɗai. A Amurka tsarin ya bunƙasa ne daga shekarar 1960, lokacin da kamfanin Del Webb ya buɗe Sun City a jihar Arizona, kuma a yau mafi shahara cikinsu ita ce The Villages da ke Fulorida. Wata doka ta 1995 ta ba irin waɗannan unguwanni damar hana iyalai masu ƙananan yara zama, muddin aƙalla kashi 80 cikin ɗari na gidajen da ke da mutane a ciki suna da mai shekara 55 ko fiye. Kusa da waɗannan na masu hali akwai benayen haya da gwamnati ke tallafa wa don tsofaffi marasa ƙarfi. Duka biyun alkawari ɗaya suke yi wa mazauna: natsuwa da tsaro daga miyagun waje. Sai dai laifin da ya shafi ƙwaya a waɗannan wurare galibi ba ta katanga yake haurowa ba. Da ɗan gari akan ci gari: ɗa ne, ko jika, ko mai jinya da ke riƙe da makullin ɗaki. Matakan da hukuma ta fi dogaro da su kuwa an tsara su ne kamar baƙo ake yaƙa, shi ya sa sukan ƙare a kan tsohon da aka ce ana karewa.

Dalilin farko shi ne cewa kayan da ake nema suna cikin gidan tun asali. Tun bayan da kamfanin Purdue Pharma ya fito da OxyContin a 1996, likitocin Amurka suka saki hannu wajen rubuta magungunan kashe raɗaɗi dangin ofiyom, kuma tsofaffi masu ciwon baya, ciwon gwiwa da ciwon daji na cikin waɗanda suka fi karɓa. Ofishin babban mai bincike na ma'aikatar lafiya ta ƙasar ya gano cewa a 2016 mutum ɗaya cikin uku na masu cin gajiyar tsarin magani na Medicare, wato inshorar lafiya ta gwamnati don tsofaffi, ya karɓi irin wannan magani aƙalla sau ɗaya. Binciken da gwamnati ke yi duk shekara kan shaye-shaye ya kuma sha nuna cewa kusan rabin masu shan waɗannan ƙwayoyi ba bisa ƙa'ida ba daga hannun ɗan'uwa ko aboki suke samunsu, kyauta ko saye ko sata. Idan aka haɗa waɗannan biyu, kabad ɗin banɗakin kaka ya zama wuri mafi sauƙi da mai jaraba zai nufa.

Yadda satar ke gudana ba ta da hayaniya. Jika ya zo gaisuwa, ya nemi izinin shiga banɗaki, ya zare ƙwaya biyar daga kwalbar da ke da sittin. Wani ma yakan musanya su da farar ƙwayar ciwon kai mai kama da su, ta yadda ƙidaya za ta cika amma ciwo ba zai lafa ba. Kafin wata ya ƙare magani ya ƙare, tsohuwa ta je kantin magani, a ce mata lokacin sake karɓa bai yi ba. Daga nan zargi ya koma kanta: ko dai tana wuce ƙima wajen sha, ko ruɗewar tsufa ta fara kama ta. Sau da yawa ita kanta takan yarda da bayani na biyu, domin ya fi sauƙin haɗiya a kan ta zargi jikanta. Bayan ƙwaya sai kuɗi: katin banki, zoben aure, da kuɗin fansho da ke shigowa a ranar da kowa a gidan ya sani.

Mataki na gaba shi ne tarewa. Ɗan da shaye-shaye ya raba da aiki da mata yakan koma wurin uwarsa da sunan 'yan kwanaki, kwanakin su zama watanni, abokan hulɗarsa su fara sintiri a farfajiyar da a da ƙarfe tara na dare take yin tsit. Akwai kuma akasin haka, wato jikokin da iyayensu suka mutu, ko aka ɗaure, ko kotu ta karɓe yaran daga hannunsu. Sama da kakanni miliyan biyu ne ke ɗauke da nauyin jikokinsu a Amurka, kuma annobar ƙwaya na cikin dalilan da suka sa majalisar ƙasar ta kafa dokar tallafa musu a 2018. Amma ƙa'idar yawancin unguwannin 'yan fansho ta yarda yaro ya yi ziyara ce kawai ta 'yan makonni. Kakar da ta karɓi marayan ɗanta dole ta zaɓi ɗaya: ta ɓoye shi, ko ta sayar da gidan.

A gidajen gwamnati lamarin ya fi tsanani. Dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta 1988 ta wajabta a sa sharaɗi cikin yarjejeniyar haya cewa laifin ƙwaya da ɗan haya, ko wani na gidansa, ko baƙonsa ya aikata ya isa dalilin kora, kuma a 1996 gwamnatin Bill Clinton ta matsa wa hukumomin gidaje su aiwatar da shi tun daga laifin farko. Shari'ar da aka fi sani da sunan Rucker, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a watan Maris na 2002, ta taso ne daga birnin Oakland a Kalifoniya, kuma dukan mutane huɗun da aka nemi kora tsofaffi ne. Ɗaya 'yarta aka kama da hodar iblis a kan titi, layi uku daga gidan. Biyu jikokinsu aka samu suna shan wiwi a wurin ajiye motoci. Na huɗun dattijo ne naƙasasshe ɗan shekara 75 da aka samu hodar tare da mai yi masa jinya a ɗakinsa. Alƙalai takwas da suka zauna, babu wanda ya saɓa, suka ce doka ta ba da izinin korar ɗan haya ko da bai san da laifin ba.

Masu goyon bayan wannan hukunci suna da hujjar da ba a yi mata riƙon sakainar kashi. Maƙwabtan su ma tsofaffi ne, ba su da ƙarfin gudu, ba su da kuɗin ƙaura, kuma ɗaki ɗaya da ya zama matattarar dillalai ya isa ya hana dukan bene barci. Koke-koken irin waɗannan mazauna ne suka sa a 1992 aka ba hukumomin gidaje damar keɓe wasu benaye ga tsofaffi zalla. A Ingila ma 'yan sanda sun daɗe suna fama da dillalan da ke mamaye ɗakin mai rauni su mai da shi wurin ciniki. Amma hujjar ta tsaya ne a kan buƙatar raba mai laifi da wurin, ba ta kai ga halatta raba marar laifi da muhallinsa ba. Illar da ta fi girma ita ce shirun da dokar ke saya. Uwar da ta san cewa kiran 'yan sanda na iya jawo ɗaurin ɗanta da korarta a lokaci guda ba za ta kira ba. Dama kunya da tausayin haihuwa sun riga sun ɗaure mata baki, sai doka ta ƙara mata tsoron kwana a waje. Jami'an kare manya masu rauni da kowace jiha ke da su ba sa iya tilasta wa mai cikakken hankali karɓar taimako, don haka idan ta ce lafiya lau, yawanci a nan fayil ke rufewa.

Ba daidai ba ne kuma a ɗauki tsofaffin a matsayin waɗanda ake zalunta kullum. Waɗanda aka haifa tsakanin 1946 da 1964 sun shiga tsufa da sabon giya da wiwi fiye da iyayensu, kuma zaman hutu marar aiki, da liyafar yamma da ta zama al'ada a unguwannin masu hali, na ƙara wa shan giya kuzari. Jikin tsoho ba ya sarrafa giya da maganin barci kamar na saurayi, haɗa su da maganin raɗaɗi kuwa na iya tsayar da numfashi. Alamomin, wato mantuwa, tangaɗi da yawan faɗuwa, sukan ɓuya a bayan tsufa. An kuma sha kama tsofaffi masu ƙaramin fansho suna sayar da rabin maganinsu don biyan kuɗin wuta.

Gyare-gyaren da suka fi dacewa da ainihin matsalar ƙanana ne. Tun 2010 hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Amurka ke ware ranakun da jama'a ke mayar da ragowar magani. Wata doka ta 2018 ta ba ma'aikatan jinyar masu ciwon ajali izinin lalata maganin da mamaci ya bari a gida, wanda a da yakan zauna a hannun dangi. A 2023 aka amince a sayar da Narcan, maganin farfaɗo da wanda ƙwayar ta yi wa yawa, ba tare da takardar likita ba. Sharaɗin kora kuwa yana nan daram. Bayan hukuncin 2002 ministan gidaje na lokacin, Mel Martinez, ya rubuta wa hukumomin gidaje yana neman su yi aiki da tausayi, su bar kora ta zama mataki na ƙarshe. Shawara ce ba doka ba, saboda haka ko za a haramta wa jika shiga harabar kawai, ko za a fitar da kaka da kayanta, ya danganta ne da manajan da takardar ta faɗa teburinsa.