KADUNA: YADDA BARIKIN GWAMNA YA ZAMA GARIN MASAƘU

 A wannan fitowa filinmu na tarihi zai leƙa Kaduna ne, domin kuwa in da za a bi gidajen Hausawan Ushafa ɗaya bayan ɗaya, a tambayi kowane magidanci inda ya yada zango kafin ya sauka nan, da an ji sunan Kakuri da Makera da Tudun Wada da Rigasa har an gaji. Wasunmu can aka haife su, wasu aikin masaƙa ne ya kai iyayensu, wasu kuma sarin atamfa. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan kuwa ba su san Kaduna da komai ba sai tashar jirgin ƙasa da labarin rikici. To, ya kamata su ji yadda aka yi garin ya tashi, da kuma abin da ya karya shi har ya watso mu.

Kaduna ba tsohuwar alkarya ba ce irin Kano ko Katsina ko Zazzau. Ba ta da ganuwa, ba ta da gidan sarautar da ya kafa ta. Wurin ƙasar Gbagyi ce, waɗanda muka saba kira Gwarawa, wato dai dangin waɗannan da suka ba mu masauki a nan Ushafa. Da Turawa suka ci ƙasar Arewa, a Zungeru suka ajiye hedkwatarsu tun 1902, amma wurin bai yi musu ba saboda zafi da sauro. Da layin dogo na Baro zuwa Kano ya ƙetare kogin Kaduna ya isa Kano a 1911, sai Gwamna Lugga ya ƙyalla ido a kan wannan mashigi: ga ruwa, ga jirgi, ga fili, kuma babu wani babban sarki a kusa da zai ce ƙasarsa ce aka zauna masa a ka. Soja aka fara kaiwa a 1913, sa'an nan a 1917 aka kwashe ofisoshin gwamnati daga Zungeru aka dawo da su nan. Daga baya layin dogon da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi da Kafancan shi ma ya zo ya haɗe a Kaduna.

Saboda haka mutanen farko duk baƙi ne: soja, akawu, leburan reluwe, masinja, kuku, da 'yan kolin da ke bin su da kaya. Sunayen unguwanni ma sun isa shaida, ga Unguwar Kanawa, ga Tudun Nupawa, ga titunan tsakiyar gari masu sunan Ibadan da Abekuta da Katsina. Shekara 40 garin ya yi a haka, yana cin albashin gwamnati, ba ya ƙera komai. Mai karatu zai ce ai wannan labarin Abuja ne ake ba shi. Haka ne, kama da wane dai ba ta wane, amma kamar ta yi yawa.

Abin da ya sauya Kaduna auduga ce. Tun farkon zuwansu, Turawa sun ɗora buri a kan ƙasar Hausa ta ciyar da masaƙun Lankasha na Ingila. Kamfanin BCGA ya kafa injinan gurzar auduga a Zariya da Funtuwa da Gusau da Malumfashi, aka kuma kawo wani iri mai suna Alan, wanda asalinsa daga Amurka yake, aka raba wa manoma. Sai manomin Funtuwa ya noma, a gurza, a ɗaure dila-dila, jirgi ya kai Ikko, a haye da ita teku, a saƙa a Ingila, a komo mana da ita a matsayin akoko mu saya da tsada. Masaƙan gargajiya da marina na Kano da Zariya suna ji suna gani kasuwarsu tana raguwa.

Da aka ba jihohi ikon kansu a 1954, Sardauna Ahmadu Bello ya zama Firimiya, sai gwamnatinsa ta ce a saƙa audugar a gida. Kuɗin ma na manoma ne, domin Hukumar Ciniki ta Jihar Arewa ta tara rara mai yawa daga bambancin farashin da take sayen gyaɗa da auduga a hannun talaka da wanda take sayarwa a waje. Da wannan rara aka haɗa jari da wani kamfanin Lankasha mai suna David Whitehead, aka gina masaƙar KTL a Kakuri, kudu da kogi, gefen layin dogo. Ta fara aiki a 1957, kuma akoko ta fara saƙawa, tufar talaka, wadda da ita ake yin taguwa da wando da zanen gado, da ita kuma ake yi wa mamaci likkafani. Ya kamata a riƙe wannan batu na kuɗin manoma, domin in ana yabon masu mulki na wancan zamani, sau da yawa akan manta da wanda ya yi gumin.

Da aka ga KTL ta karɓu, sai wasu suka biyo. Nortex ta zo a 1962. Arewa Textiles ta zo da jarin mutanen Japan. UNTL kuwa, wadda daga baya ta fi su duka girma, wani attajiri ɗan Sin mazaunin Hon Kon mai suna Ca Ci Min ne ya kafa ta a 1964, ita ce kuma ta yi suna wajen buga atamfa. A wannan shekara dai aka kafa ma'aikatar ƙera makamai ta soja da taimakon wani kamfanin Jamus. Ƙidayar 1963 ta ba Kaduna mutum wajen 150,000. Zamanin kuɗin man fetur ya ƙara wasu: ma'aikatar haɗa motocin Peugeot, wadda muke kira Fijo, ta fara fitar da 504 a 1975, ta takin zamani ta biyo baya, sa'an nan matatar mai da kamfanin Chiyoda na Japan ya gina aka buɗe ta a 1980.

A nan ne ya kamata mu ɗan tsaya, domin mu 'yan kasuwa mun san abin da masaƙa take yi wa gari fiye da yadda littafi zai faɗa. Inji ba ya barci, saboda haka aiki kashi uku ne, na safe, na rana da na dare. In jiniya ta yi kuka, sai ka ga kekuna sun cika titin Kakuri maƙil, masu fita suna goge ƙurar auduga daga kansu, masu shiga suna sauri. A bakin kowace ƙofa akwai mai shayi, mai ƙosai, mai tuwo, mai facin keke, mai wanki da guga. Duk waɗannan ba sunansu a takardar albashi, amma albashin suke ci. In wata ya ƙare, mai gidan haya ya karɓa, mai kanti ya buɗe littafin bashi ya soke, tela ya samu ɗinki, malamin makarantar allo ya samu na Laraba, a kuma aika wa tsohuwa a ƙauye. Bashi ma yana da daɗin bayarwa ga wanda ka san ranar da za a biya shi. Ɗan kasuwa kuwa ya sari bandir na akoko ko turamen atamfa ya ɗora wa mota zuwa Kantin Kwari a Kano, daga can kaya su wuce Maraɗi da Damagaram da Cadi da Kamaru. A lokacin, atamfar Nijeriya ce ake satar hanya a fitar da ita waje.

Haka kuma masaƙa ta haɗa mutanen da ba abin da zai haɗa su. Bakatsine da Batibi da Ba'idome da Baju da Banufe suna tsaye kan layi ɗaya, manaja ɗaya ke yi musu tsawa, ƙungiya ɗaya ke karɓar musu haƙƙi. Ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa, wadda aka kafa a 1978, a Kaduna hedkwatarta take. Adams Oshiomhole, da ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa daga 1999, daga baya ya yi gwamnan Edo, a Arewa Textiles ya fara aiki. Ba mu ce babu gaba a tsakanin mutane a lokacin ba. Amma wanda zai tashi da asuba ya kama aiki ba shi da lokacin zaman majalisar tsegumi.

Akwai wani gari a Amurka, ƙasar da shugabanta Bil Kilinton ya tako har nan Ushafa a watan Agusta na 2000, wanda labarinsa zai taimaka mana mu gane namu. Sunansa Ditroyit. A can Henri Fod ya kafa kamfanin motoci na Ford a 1903. A 1913 ya ƙirƙiro tsarin da mota ke tafiya a kan layi kowane lebura yana ɗaura mata abu ɗaya, a 1914 ya mai da ladan yini dala 5. Nan da nan baƙaƙen fata suka kwararo daga kudancin ƙasar, Turawan Folan da Larabawan Labanan da Yaman suka zo, har a 1950 garin ya haura mutum miliyan 1 da 800,000. Da kamfanoni suka kwashe ma'aikatunsu zuwa wasu wurare, motocin Japan kuma suka cinye kasuwa, sai garin ya zube. A 2013 hukumar birnin ta je kotu ta ce ta kasa biyan bashi, ƙidayar 2020 kuma ta same su ba su kai 640,000 ba. Ashe dai garin da ya rataya a kan sana'a ɗaya ko a Amurka yake yana iya faɗuwa.

Sai dai akwai bambanci, kuma a ganinmu nan gizo yake saƙa. Mutanen Ditroyit su suke zana motar, su narka ƙarfen, su ƙera injin da ke ƙera ta, shi ya sa har yau kamfanonin suna nan da ransu. A Kaduna kuwa auduga da hannu ne kawai namu. Injin kaɗi, injin saƙa, kayan gyara, sinadarin rini, duk sai an sayo da kuɗin waje. Fijo ma sassanta a jirgin sama ake ɗauko su daga Liyon ta Faransa a sauke a Kano, sa'an nan a kawo Kaduna a ɗaura. Muddin naira tana da ƙarfi ba wanda ya ga aibin haka.

Da farashin mai ya faɗi, gwamnatin Shagari ta kawo tsuke bakin aljihu a 1982, samun lasin shigo da kayan gyara ya zama aiki. A 1986 Janar Babangida ya kawo shirin SAP, naira da take kafaɗa da kafaɗa da dala ta koma wajen 4 a dala ɗaya cikin shekara guda, ta kuma ci gaba da gangarawa. A wannan shekara aka rushe hukumar auduga, manomi ya rasa mai ba shi iri mai kyau da tsayayyen farashi, da yawa suka koma masara. Wutar NEPA ta zama sai an gani, baƙin man da ake hura tukunyar masaƙa da shi ya yi wuya alhali ga matata a cikin gari. A 1997 gwamnati ta ɗage haramcin shigo da yadi. Ko da aka maido da haramcin daga baya, hanya ta riga ta buɗe: atamfar Sin, wani lokaci ma ɗauke da zane da tambarin masaƙunmu na jabu, tana sauka Kwatano ko Lome, ta hau zuwa Nijar, ta shigo ta kan iyakar Katsina. Wato hanyar da kayanmu suke bi su fita, ita ce na wasu suka biyo suka shigo. Mai saye kuwa aljihunsa yake dubawa, ba wanda zai ga laifinsa.

KTL ta rufe a 2002, Arewa Textiles da Nortex suka bi sahu, UNTL ta tsaya a 2007. An sake buɗe UNTL a ƙarshen 2010 da rancen da gwamnatin tarayya ta ware wa masaƙu, amma ba ta koma kamar da ba. A daidai waɗannan shekaru ne kuma jini ya zuba a garin, a rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002, har kogin da aka kafa garin dominsa ya zama kan iyaka, Musulmi suka tattara arewa, Kirista suka tattara kudu. Musulmi da yawa da suka tsufa a unguwannin kudu sun sayar da gidajensu da arha sun ƙetare gada. Ba mu ce rufe masaƙu kaɗai ne ya jawo fitina ba, amma samarin da babu jiniyar da za ta kira su da safe ba su da wuyar tarawa.

Ina za a nufa? Gwamnati ta riga ta tare a Abuja tun 12 ga Disamba 1991, gine-gine suna ta tashi, saboda haka aka yo kudu: Suleja, Zuba, Dei-Dei, Kubwa, Dutsen Alhaji, Bwari, Ushafa. Wanda ya shekara 20 yana kula da injin saƙa ya koma gadi, ko acaɓa, ko tura ruwa. Ga shi mun sake zama baƙi a ƙasar Gbagyi, a gefen wani garin gwamnatin, kamar yadda kakanninmu suka zauna a Kaduna ta 1920. Abuja tana da filin masana'antu a Idu, amma har yanzu albashin ofis da kwangila da cinikin filaye ne ke juya kasuwarmu, shi ya sa in an yi jinkirin biyan ma'aikata kowane mai shago a nan sai ya ji a jikinsa.

Kaduna ba ta mutu ba. Jirgin da aka buɗe a 2016 yana tashi daga Idu ya bi ta Kubwa ya sauka Rigasa, kamfanin Olam ya buɗe ma'aikatar abincin kaji a 2017, an kuma koma haɗa Peugeot a sabuwar ma'aikatar da Ɗangote yake da jari a ciki. Amma tsoffin ma'aikatan KTL, masaƙar da jihohin Arewa 19 suka gada, sun shafe shekara da shekaru suna bin kuɗin sallamarsu, da yawa sun rasu ba su karɓa ba. Akwai irinsu a cikinmu, akwai kuma matan da suka bari. Muna roƙon duk wanda ya yi aiki a ɗaya daga cikin masaƙun nan, ko yake riƙe da katin aiki ko takardar sallamar mahaifinsa, ya kawo wa sakataren ƙungiya ranar taron wata, a rubuta sunansa da sashen da ya yi aiki da shekarun da ya yi.