Gwajin Alewa da Yaran Kamaru

A ƙarshen shekarun 1960, wani malamin jami'ar Stanford a Amurka, mai suna Walter Mischel, ya shirya gwaji domin ya auna haƙurin yara ƙanana. Akan zaunar da yaro mai shekara 4 ko 5 shi kaɗai a ɗaki, a ajiye alewa guda a gabansa, a gaya masa in ya jira har babba ya komo za a ba shi biyu, in kuwa ya ci kafin nan, gudar ce rabonsa.

Bayan shekaru Mischel da abokan aikinsa suka bi sawun yaran. A 1990 suka ba da labari cewa waɗanda suka daɗe suna jira sun fi samun maki a jarrabawar shiga jami'a. Maganar ta bazu cikin littattafan reno da na malamai, har mutane suka ɗauka an sami mudun da zai nuna ɗan da zai ci gaba tun bai shiga makaranta ba.

Amma mai karatu ya tambaya, 'ya'yan wa aka auna? Yaran makarantar reno ta cikin jami'ar ne, da yawansu 'ya'yan malamai da ɗalibai, daga gidajen da ba a kwana da yunwa. Waɗanda aka sami makin jarrabawarsu kuma ba su kai 100 ba. Mai sayen dawa a kasuwar Garwa ba ya yarda da dintsi guda daga bakin buhu, sai ya zura hannu har ƙasa, gama ya san inda tsakuwa take kwana.

Waɗansu masana suka zura hannu. A 2013 Celeste Kidd ta jami'ar Rochester ta buga sakamakon gwada yara 28. Kafin a kawo alewa, an yi wa kowa alkawarin kayan zane masu kyau. Aka cika wa rabi, aka saɓa wa rabi. Waɗanda aka cika wa sun jira wajen minti 12, sauran wajen minti 3 kawai. Ashe yaron yana lissafi ne: babban nan mai cika magana ne ko kuwa? A 2018 kuma Tyler Watts da abokansa suka duba yara fiye da 900, har da na marasa ƙarfi. Dangantakar jira da ƙoƙarin makaranta ta ragu zuwa rabin abin da aka faɗa da fari. Da aka sa halin gida da ilimin uwa cikin lissafi, kaɗan ne ya saura. Ba wannan gwaji kaɗai abin ya sama ba, domin a 2015 an sake bincike 100 na ilimin halin ɗan Adam, wajen 36 ne kawai suka ba da amsa irin ta farko.

Sa'an nan ga namu na Kamaru. Bettina Lamm ta jami'ar Osnabrück a Jamus ta gwada yaran Jamus 125 da yaran manoman Nso 76, mutanen wajen Kumbo a Arewa maso Yamma, aka ba da sakamakon a 2017. Yaran Nso fanke aka ajiye musu, lokacin jira minti 10. Kusan 70 cikin 100 suka jira, na Jamus kuwa ba su kai 30 cikin 100 ba. Yaran Jamus suna ta motsi, suna magana da kansu, suna buga tebur. Na Nso suka zauna shiru, waɗansu har barci ya kwashe su. Tun 1992 wani ɗan Nso, Farfesa Bame Nsamenang, ya rubuta littafi yana cewa ilimin girman yara da aka gina a kan 'ya'yan Turawa bai isa ya bayyana ɗan Afirka ba.

Labarin yana da daɗin ji, amma ni ban ga dalilin buga ƙirji ba. Yara 76 su ma dintsi ne, Kumbo kuma ba Garwa ba ce, balle Marwa. Masu binciken sun lura iyayen Nso mata suna ɗora biyayya da girmama manya a gaba. To, yaron da ya zauna shiru, kansa yake mallaka, ko tsoron babba ne ya riƙe hannunsa? Agogo ba ya raba waɗannan biyu. A nan arewa, inda Fulani suke koya wa ɗa munyal, mu kuma haƙuri, tambayar ta fi nauyi. Yarinya mai talla takan yini da farantin fanke a ka, tana jin ƙanshinsa, ba ta taɓa ko ɗaya, domin an ƙirga su kafin ta fita, da yamma kuma za a ƙirga kuɗin. In aka zaunar da ita minti 10 lalle za ta ci gwajin, mai rubutu ya rubuta mata haƙuri, ba tare da ya san lissafin da ke jiranta a gida ba.