Salon Niyokilasik

Niyokilasik salo ne na gine-gine, zane da sassaƙa wanda ya bayyana a Turai a tsakiyar ƙarni na 18, ya kuma yi tashe har zuwa ƙarni na 19. Masu salon sun koma ga tsarin tsoffin gine-ginen Girka da Rum, suka juya baya ga yawan ado na salon Barok da Rokoko da suka gabace shi. Sunan ya haɗa kalmar Girkanci "neos", wato sabo, da ta Latin "classicus", wato na ajin farko.

Asali

Tonon da aka fara a kufan Herculaneum a 1738 da na Pompeii a 1748, garuruwa biyu na Italiya da aman dutsen Vesuvius ya binne a shekara ta 79 miladiyya, ya ba masana damar ganin ayyukan Rumawa ido da ido. Rubuce-rubucen Bajamushen masani Johann Joachim Winckelmann, musamman littafinsa na 1764 kan tarihin fasahar mutanen da, sun ƙara yaɗa ra'ayin cewa kyau yana cikin sauƙi da awo.

Siffofi

Siffofin da aka fi danganta wa salon su ne:

Daidaito: idan aka raba fuskar gini biyu daga tsakiyar ƙofa, dama da hagu za su zo iri ɗaya.

Awo: ana fitar da tsawon ginshiƙi da tazararsa da na kusa da shi daga kaurinsa.

Sauƙi: bango shafaffe, miƙaƙƙun layuka, da launi fari ko na dutse.

Kwarjini: faffaɗan matakala da doguwar baranda, don mai shiga ya ji nauyin wurin.

Kalmomi

Ginshiƙan salon iri uku ne aka fi sani. Dorik shi ne kakkaura mai kai marar ado. Ayonik ya fi shi siranta, kansa yana da naɗi biyu kamar ƙahon rago. Korintiyan kuwa kansa na ɗauke da sassaƙen ganye. Fotiko baranda ce mai jerin ginshiƙai a bakin ƙofa, fedimen kuma shi ne goshi mai kusurwa uku da ke samanta. Manyan gine-gine da yawa suna da ƙubba a tsakiya.

Misalai

Daga cikin fitattun misalai akwai Panthéon na Faris wanda Jacques-Germain Soufflot ya tsara, Ƙofar Brandenburg ta Berlin (1788 zuwa 1791), da Fadar White House ta Amurka wadda James Hoban ya tsara, aka aza harsashinta a 1792. A fannin zane an san Jacques-Louis David na Faransa, a sassaƙa kuma Antonio Canova na Italiya. A Afirka akwai Gidan Tarihin Masar da ke Alƙahira, wanda aka buɗe a 1902.

A Najeriya

Gwamnatoci sun riƙa zaɓar salon wajen gina kotuna, majalisu da bankuna domin nuna iko da ɗorewa, kuma ta wannan hanya ya shigo Najeriya a zamanin mulkin mallaka. Sanannen misali shi ne zauren Mapo da ke kan tudu a Ibadan, aikin injiniya Robert Taffy Jones, wanda aka kammala a 1929.

Ginin gargajiya na ƙasar Hausa ya bi wata hanya dabam. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, an yi shi da ƙasa da azara, rufinsa na tsaye a kan baka. Tsohuwar fadar Argungu, wadda ta zama Gidan Tarihin Kanta a 1958, ita ma ginin ƙasa ce. Adon irin waɗannan gine-gine yana cikin zanko da zanen bango.

A yau ana ganin ginshiƙan siminti da aka zuba a ma'auni a gaban sababbin gidaje a Birnin Kebbi, Sakkwato da Kano. Sai dai ginshiƙi kaɗai ba ya mai da gini Niyokilasik. Inda aka ja tsawonsa ya wuce ƙa'idar kaurinsa, ko aka cika fuskar gida da ado kala-kala, an ari kamannin salon ne, an bar awon da aka gina shi a kai.