Raƙuman Dawa na Ƙauyen Kure

Idan mutum ya tashi daga Yamai ya bi hanyar Dosso, bayan tafiyar kusan mil 40 zai iske wani ƙauye na Zabarmawa, ana ce da shi Kure. A nan ne zai ga abin da kakanninmu suka saba gani, mu kuwa sai dai a hoto, wato raƙumin dawa tsaye a bakin gonar gero, manomi na noma kusa da shi, babu mai tsoron wani.

A zamanin da, irin wannan dabba ta bazu tun daga Sanagal har zuwa Tafkin Chadi. To, sai bindiga ta yawaita, maharba suka yi ta kashe su saboda nama da fata. Mutane suka ƙaru, aka sare daji aka mai da shi gona. Sa'an nan fari ya zo a shekarun 1970, ya komo a 1984, itatuwan da suke ci suka bushe. Da aka ƙidaya su a 1996, sai aka tarar 49 kaɗai suka rage, dukansu kuwa a yankin Kure. Ga shi macen takan yi wata 15 da ciki, ta haifi ɗa guda. Dabbar da haihuwarta ke da nawa haka, in ta ragu, da wuya ta farfaɗo.

Gwamnatin Nijar ta tsananta dokar hana farautarsu, amma ba ta kewaye dajin da shinge ba, ba ta kuma tashi kowa daga gidansa ba. Saboda haka nauyin ya faɗa kan talakawa. Da damina raƙuman suna kiwo a kan tudu, da rani su gangara kwarin Dallol Bosso su ci ganyen gawo. A hanya kuwa ba su raina wake, ba su ƙyale mangwaro. Ku da kuke noma kun san zafin mutum ya wayi gari ya ga an cinye masa waken da ya dogara da shi, kuma ba shi da ikon ɗaga hannu. Wannan haƙuri ba ƙarami ba ne, ba a kuwa cika ambatonsa ba.

Don a sanyaya musu rai, ƙungiyoyin taimako suka haƙa rijiyoyi, suka ba mata rance na sana'a. Samarin ƙauye suka zama 'yan jagora, suna kai baƙi kallo ana biyansu. Kowace shekara akan ƙidaya dabbobin da hoto, gama zanen jikin kowane dabam yake da na ɗan'uwansa. Sannu a hankali suka haura 600.

Da suka yi yawa, sai aka ji tsoron kada annoba ɗaya ta share su, tun da duk wuri guda suke. A 2018 aka ɗebi 8 a cikin manyan motoci aka kai su dajin Gadabeji a jihar Maraɗi, inda irinsu suka ƙare tun shekarun fari.

Amma a watan Agusta na 2020 'yan bindiga suka kashe Faransawa 6 da 'yan Nijar 2 a dajin Kure, ɗaya direba, ɗaya jagora. Daga nan ƙafar baƙi ta ɗauke, kuɗin kallo ya tsaya, raƙuman kuwa ba su daina shiga gonakin wake ba.