Zaman taimakon juna ga masu son barin giya: Bayani ga mazauna Azare da Katagum

Zaman taimakon juna haɗuwa ce ta masu fama da jarabar giya, inda suke ƙarfafa wa juna gwiwa tare da rufin asiri. Tsarin ya samo asali ne daga ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wadda Bill Wilson da Dokta Bob Smith suka kafa a Amurka a 1935. Ba a biyan kuɗin shiga. Sharaɗin kawai shi ne niyyar dainawa.

A ƙasar Katagum, inda shari'ar Musulunci ke aiki tun 2001, kunya da tsoron tonon asiri kan sa mashayi ya ɓoye matsalarsa. Mai neman taimako zai iya farawa da ganin likita a asibitin tarayya da ke Azare, ko ya kira layin kyauta na hukumar NDLEA, 080010203040, domin samun shawara. Akwai kuma tarukan da ake gudanarwa ta intanet.

Likitoci na gargaɗin cewa wanda ya daɗe yana sha da yawa kada ya daina farat ɗaya ba tare da kulawar asibiti ba, domin hakan kan haddasa karkarwa, jijjiga da gushewar hankali, har ma da rasa rai.