Ƙarkon Liƙin Azurfa Tsakanin Seramik da Ƙarfe a Batirin SOFC

Tsakure

Maƙalar ta duba abin da ke karya liƙin azurfa da oksaid ɗin jan ƙarfe a batirin SOFC, wanda ke samar da lantarki daga haidurojin. Hujjarta ita ce, gwajin ƙarfin sabon liƙi ba ya nuna ƙarkonsa, domin lalacewar daga ɓangaren ƙarfe da cikin azurfar take tasowa.

Gabatarwa

Batirin SOFC yana aiki ne a zafin digiri 700 zuwa 800 na ma'aunin Salsiyas. A gefe guda haidurojin, a ɗaya gefen iska, tsakaninsu kuma siririn faifan seramik na zikoniya. Dole a liƙa faifan da firam na ƙarfe maras tsatsa, kamar Crofer 22 APU mai kuromiyam kusan kashi 22 cikin 100, yadda iskar biyu ba za su haɗu ba. An daɗe ana amfani da gilas, sai dai yana tsagewa idan ana yawan kunnawa da kashewa. Saboda haka a farkon shekarun 2000 Scott Weil da abokan aikinsa a cibiyar PNNL ta Amurka suka fito da liƙin azurfa da ake yi cikin iska, a zafin da ya kusa digiri 1,000.

Inda matsalar take

Narkakkiyar azurfa ba ta kama seramik, dunƙulewa take yi. Oksaid ɗin jan ƙarfe ne ke sa ta bazu ta kama. To amma shi ɗin ne kuma ke haɗuwa da kuromiyam ɗin da ke saman ƙarfen, su haifar da ɓawo mai gautsi. Idan aka ƙara oksaid ɗin liƙi ya fi kamawa, ɓawon kuma ya fi kauri, nan ne tsaga ke bi.

Matsala ta biyu ta fi wuyar ganewa. Haidurojin da oksijin duk suna ratsa azurfa mai zafi. Idan suka haɗu a cikinta sai su zama tururi, shi kuma ba ya iya fita, sai ya buɗe ƙananan ramuka a hankali har su sadu, iska ta fara yoyo. Liƙin da aka gwada cikin iska kaɗai ba zai nuna wannan ba.

Akwai kuma bambancin miƙewa: azurfa tana miƙewa da zafi kusan ninki biyu na zikoniya, ko da yake laushinta yana shanye wani ɓangare.

Tattaunawa

Shafa wa ƙarfen aluminiyam kafin liƙi yana tare kuromiyam, kuma a ganinmu shi ne gyara mafi ma'ana. Ramukan tururi kam ba ya hana su. Masu ƙera batirin da ake girkewa wuri guda suna neman sa'o'i 40,000 na aiki, kuma wanda ya yi aiki daga 2007 zuwa 2019 a cibiyar Jülich ta Jamus da gilas aka liƙe shi. Inda azurfa ta fi dacewa shi ne batirin manyan motoci, da ake kunnawa ana kashewa kullum.