Masu Duba Sulhu a Duwatsun Nuba

A Janairu 2002, a ƙasar Suwizalan, gwamnatin Sudan da 'yan tawayen SPLA suka yi alkawarin tsagaita wuta a Duwatsun Nuba, inda Kirista da Musulmi suka sha wuyar yaƙi tare. Sa hannu ba wuya. To, wa zai nuna wanda ya karya alkawari?

Aka kafa hukuma ƙarƙashin wani janar ɗan Norwe, Jan Erik Wilhelmsen. In an kawo ƙara, hafsan gwamnati da na 'yan tawaye da baƙo su tafi bincike tare, ba bindiga. Dabarar ke nan: da wuya shugaba ya musunta abin da hafsansa ya gani da ido.

Manoma suka koma gona. A 2005 Majalisar Ɗinkin Duniya ta karɓi aikin. Yaƙi ya dawo a 2011.